Ofis na kuɗi ya fi ƙarfina, na kirak ya cuce ni: wanne zan ɗora a shagona?

Mai Shagon Taifin:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da shagon buga takardu a Zariya, kwamfutoci biyar, firinta biyu, yara uku suna taya ni. Shekara tara ke nan da buɗe shagon, kuma Word da Excel ɗin da ke kan kwamfutocin duk na kirak ne, wato waɗanda aka fasa ake aiki da su ba lasisi, wani mai gyara ke zuwa ya ɗora min. Makon jiya ya zo sabunta ɗaya, ya ce sai an kashe maganin bairos kafin abin ya shiga. Aka kashe. Kwana biyu tsakani kwamfutar ta yi nauyi, fayiloli suka riƙa ɓacewa daga filash ɗin mutane, har furojet ɗin wata ɗaliba mai shafi tamanin da wani abu ya tafi. Allah ya rufa asiri tana da kwafi a wayarta, amma irin kallon da ta yi min har yanzu yana raina. Na yanke shawara na bar kirak. Sai dai lasisin kwamfuta biyar ba zan iya ba a halin da ake ciki. Na ji ana cewa akwai na kyauta. Wanda ya yi aiki da su da hannunsa, don Allah ya faɗa min gaskiya, mai daɗi da marar daɗi.

Injiniya:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kiyaye gaba. Ka ɗora LibreOffice. Kyauta ce ta halak, lasisinta ya yarda ka yi kasuwanci da ita, ka ɗora a kwamfuta nawa ka ga dama, ba rajista, ba talla, ba ta neman intanet bayan ka sauke ta. Nauyinta bai kai rabin giga ba, ka sauke sau ɗaya ka zagaya da filash. A ciki akwai Writer a madadin Word, Calc a madadin Excel, Impress a madadin PowerPoint, sai Draw wanda kai musamman zai yi maka amfani, domin yana buɗe PDF a gyara rubutun ciki, yana kuma buɗe fayilolin CorelDraw da na Publisher, ko da yake ba kullum suke fitowa cif ba. Ka sauke daga shafinsu na asali kaɗai.

Ƙaramin Cikinku:
Yaya Injiniya, ba ita ce OpenOffice ba? Akwai ta a tsohuwar laftof ɗin babanmu.

Injiniya:
Uwa ɗaya uba ɗaya ne, ƙanena, amma sun raba gari. Asalinsu StarOffice ce ta wani kamfanin Jamus. Sun Microsystems ya saye ta a 1999, ya saki lambobinta, wato rubutun da aka gina manhajar da shi, ga kowa, aka samu OpenOffice. Da Oracle ya saye Sun a 2010, akasarin masu aikin suka ji ba su natsu ba, suka ware suka kafa The Document Foundation, suka ci gaba da aikin da sunan LibreOffice. Ita OpenOffice aka miƙa wa gidauniyar Apache a 2011, kuma tun 2014 tana kan zubi na 4.1, sai ƙananan gyare-gyare. LibreOffice kuwa sau biyu a shekara take fitar da sabon zubi. Duk wanda zai fara yau, kada ya fara da OpenOffice.

Hajiya Akanta:
Ni dai zan faɗi abin da ba za a so ji ba. Araha ba ta ado. Shekara goma sha shida ina aikin lissafin kuɗi, kuma duk fayil ɗin da ya taɓa zuwa teburina daga banki, ko masu binciken kuɗi, ko masu ba da tallafi, na Excel ne. Wasu cike suke da makro da aka rubuta da VBA, ka danna maɓalli ɗaya ya haɗa maka rahoton wata. Calc yana gane wani ɓangare na VBA, wani ɓangaren ba ya ganewa, kuma ba zai yi maka sallama ya ce ga inda na tsallake ba. Kuskure a wasiƙa ana gani da ido. Kuskure a jadawalin albashi sai ranar da ma'aikaci ya zo yana rantsuwa an rage masa kuɗi.

Sannan Alhaji, ka ce yara uku ke taya ka. Gobe in sun je neman aiki, Excel za a tambaye su. Kada a yi tsimin kuɗi a tauye yaran mutane.

Injiniya:
Hajiya, batun makro gaskiyarki ne, ban da ja a kai. Wanda abincinsa ya rataya a kan fayil mai VBA ya sayi Excel ya huta. Amma shagon Alhaji wasiƙu ne, da furojet, da takardar neman aiki, da sakamakon jarrabawar makarantu. Fomulolin da ake buƙata a nan, SUM da AVERAGE da IF da RANK da VLOOKUP, sunansu ɗaya aikinsu ɗaya a Calc. Har XLOOKUP da FILTER an shigar tun zubin 24.8, wato na Agustan 2024. Yaron da ya iya waɗannan a Calc, rana ɗaya ta ishe shi ya saba da Excel.

Hajiya Akanta:
Rana ɗaya ga mai kai irin naka. Na horar da yara da yawa, wurin da maɓalli yake shi suke haddacewa. Ka matsar da shi, sun ɓace.

Injiniya:
To ai a nan gyaran yake, a koya musu abin da suke yi, ba inda za su danna kaɗai ba. Kuma akwai sauƙi: a shiga View, a zaɓi User Interface, a ɗauki Tabbed. Fuskar za ta koma mai shafuka a sama kamar wadda suka saba gani.

Ɗan Kasuwar Waya:
Ku kuna ta wahalar da Alhaji. WPS kawai. Kusan duk wayar da na saita wa mutum sai ya ce in sa masa ita, kuma ta kwamfuta kamarta ɗaya da Word, yaransa ba za su ma lura an canja ba.

Injiniya:
WPS tana da kyau wajen kama da Word, kuma ba ta da nauyi. Ta kamfanin Kingsoft ce na ƙasar Sin. Abin da ya kamata Alhaji ya sani shi ne ta kyautar tana ɗauke da talla, wasu ayyukan kuma, musamman na PDF, sai an biya. Lambobinta a rufe suke kamar na Microsoft. In kamannin Word ake bi, ni OnlyOffice zan nuna masa. Kamfaninta yana Riga ta ƙasar Latbiya, ta kwamfuta kyauta ce, lambobinta a buɗe, kuma docx da xlsx su ne harshenta na gida, shi ya sa takardar da aka yi a Word ta fi zama daidai a cikinta. Sai dai a tsohuwar kwamfuta mai ƙaramin ƙwaƙwalwa takan yi jan ƙafa.

Ɗalibar Digiri na Biyu:
Bari in ba da nawa labarin, don ni abin ya taɓa. Da Writer na rubuta babi uku na kundina. A laftof ɗina komai tsaf. Na tura wa malamin da ke duba aikina a docx, ya buɗe a tasa kwamfutar, sai ga jadawali ya tsallaka wani shafi, kan babi ya sauko ƙasan shafi, lambobin shafin da ke cikin ƙumshiya duk sun saɓa. Ya dawo min da shi da jan biro, ya ce ban iya tsara aiki ba. Na yi kuka a ranar, don wata biyu na yi a kan babin nan.

Daga baya wani ɗan ajinmu ya gano matsalar. Samfurin da sashenmu ya bayar an yi shi da salon haruffan da babu shi a laftof ɗina, wato fon. Manhajar ta sa wani a madadinsa, faɗin haruffan ya bambanta kaɗan, kaɗan ɗin nan kuwa in ya taru a shafi sittin sai ya zama shafi guda. Laifina na biyu, da maɓallin Enter nake tura sabon babi zuwa sabon shafi, ina dannawa har sai ya sauka. Da na koyi sa yankan shafi na gaskiya, na kuma riƙa amfani da Heading 1 da Heading 2 wajen kan babi, matsalar ta ragu ƙwarai. Da Writer ɗin na ƙarasa kundin, da Zotero wajen jera manazarta, domin yana aiki a Writer kamar yadda yake yi a Word. Gyaran da malam yake yi da bin sawun canji da sharhin gefe duk ina ganinsu.

Injiniya:
Anti, kin taɓo asalin ciwon. Kashi mafi yawa na kukan "ya wargaza min takarda" daga fon yake. Calibri da Cambria da Aptos na Microsoft ne, in ka cire Office ɗin wasu sukan tafi da shi ko kuma ba a taɓa samunsu ba. An ƙera wasu na kyauta masu faɗi daidai da su: Carlito a gurbin Calibri, Caladea a gurbin Cambria, Liberation Serif a gurbin Times New Roman, Liberation Sans a gurbin Arial. Alhaji ya yi sa'a, domin yawancin makarantu Times New Roman mai lamba 12 suke nema a furojet, shi kuwa da Windows yake zuwa, ba da Office ba.

Abu biyu za ka yi ranar farko. Ka shiga Tools, Options, Load/Save, General, ka ce kullum ya adana rubutu a docx, lissafi a xlsx, don kada yaro ya ba kwastoma fayil ɗin odt, wato tsarin Writer na gida, ya je wani wuri ya rikice. Na biyu, duk abin da bugawa kawai za a yi ko turawa, a fitar da shi a PDF. PDF ba ya motsi ko a wace kwamfuta.

Ƙaramin Cikinku:
Ni ban gane abin da ya hana a yi amfani da Google Docs ba. Kyauta ne, giga 15 ake ba mutum, ba abin da zai ɓace ko kwamfuta ta ƙone. Har Microsoft ma suna da Word da Excel na kyauta a burauza in kana da asusu, da giga 5.

Mai Shagon Taifin:
Ɗana, a shagona akwai ranar da sabis ke ɗaukewa tun hantsi har la'asar, ga mutum tsaye yana jiran takardarsa zai kai kotu. Janareta nake tayarwa in yi aiki, ba zan ƙara da jiran sabis ba. Kuma akwai abin da ya fi wannan damuna. Abin da ake kawo min ba nawa ba ne: takardar rabon gado, yarjejeniyar sayen fili, sakamakon asibiti, wasiƙar da mace ta rubuta wa alƙali. Amana ce. Ban ga dalilin da zan ɗora sirrin mutane a asusuna na intanet ba tare da sun sani ba.

Ɗalibar Digiri na Biyu:
Baba ya yi gaskiya. Google Docs wurin aikin haɗin gwiwa ya fi ƙarfi. Mu huɗu muka rubuta takardar taro a ciki, kowa yana garinsu, muna ganin rubutun juna nan take. Wannan kam, LibreOffice ta kan kwamfuta ba ta yin sa. Amma shago mai layin mutane wani abu ne daban.

Malamin Islamiyya:
Assalamu alaikum. Alhaji, kafin komai ina taya ka murna da niyyar da ka yi. Mun daɗe muna ɗaukar kirak kamar ba komai ba, alhali haƙƙin wasu ne. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta shi ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ma ta haɗa da manhajar kwamfuta. Da can mutum zai ce larura ce. Yanzu da ga na halak kyauta, hujjar larura ta yi rauni.

Tambayata ga Injiniya: mu da muke buga jarrabawa da Larabci da Hausa a shafi ɗaya, yaya abin yake?

Injiniya:
Allah gafarta Malam, yana yi sosai. A cikin Options, ɓangaren harsuna, akwai wurin da ake kunna rubutu mai sarƙaƙiya, an rubuta Complex text layout, sai ka zaɓi Larabci. Maɓallan juya rubutu daga dama zuwa hagu za su bayyana. Fon ɗin Amiri yana fitar da wasali da kyau. In kuma ajami kuke bugawa, ƙungiyar SIL ta yi wani fon kyauta mai suna Alkalami, wanda aka zana bisa irin rubutun allo na ƙasar Kano, da wani mai suna Harmattan.

Tsohon Malamin Hausa:
Tunda an zo kan haruffa, bari tsoho ya sa baki. Ina da littattafai da takardun jarrabawa na shekaru masu yawa da na buga da fon ɗin Rabi'at, wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar tun lokacin da kwamfuta ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba. Ya yi mana babban aiki, Allah ya saka masa. Dabarar ita ce an ɗauki wasu alamomin allon bugu an zana musu haruffa masu lanƙwasa. To in ka buɗe irin wannan fayil a kwamfutar da babu fon ɗin, sai ka ga }asa a wurin ƙasa, ]aki a wurin ɗaki. Alhaji, za a kawo maka irinsu, kada ka ɗauka sabuwar manhajar ce ta lalata. Ko a Word haka zai fito. Ko dai ka ɗora fon ɗin, ko ka yi nemo-ka-musanya, kowace alama ka mayar da ita harafinta na gaskiya. Na fi son na biyun, domin rubutun zai karantu a waya da intanet, har jikoki su same shi.

Injiniya:
Ranka ya daɗe, wannan bayani ya fi nawa. Ƙari kaɗan: Windows yana da allon bugu na Hausa, a ƙara shi a saitin harshe. Wanda bai so, a Writer ya rubuta 0199 ya danna Alt da X tare, zai koma ƙ. Na ɗ shi ne 0257, na ɓ kuma 0253. In lambar ta manne da wani harafi a gabanta, a fara da U+ don kada ya rikice. Ya fi sauƙi a sa su a AutoCorrect sau ɗaya a huta. Charis SIL da Andika duk suna da haruffan nan cikakku.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga ƴan uwa na Najeriya. Mu nan har da ƴ muke rubutawa, lambarta 01B4. Abin da zan ƙara shi ne na lissafi. Kwamfutocinmu da Faransanci suke, SUM a wurinmu SOMME ne, IF kuma SI, sannan waƙafi muke sawa a inda kuke sa ɗigo cikin lamba. Ina hulɗar kaya da Katsina da Kano, fayil yana zuwa yana komawa. In xlsx ne ba matsala, sunan fomula da kansa yake juyawa zuwa harshen kwamfutar. Inda ake faɗawa rami shi ne fayil ɗin csv, wato jadawalin da aka adana a matsayin rubutu zalla, lamba takan koma rubutu, jimla ta ƙi fita. Calc yana tambayarka harshe da alamar rabewa tun wajen buɗewa, wannan ya sa na fi son buɗe csv da shi. Yana kuma da wurin da za ka ce ya bar sunayen fomula da Ingilishi ko da fuskar Faransanci ce.

Hajiya Akanta:
Duk na ji. Amma ku amsa min wannan: in abin yana da kyau haka, me ya sa birnin Munik na Jamus, da ya yi shekaru yana amfani da Linux da ofis na kyauta, majalisarsa ta kaɗa ƙuri'a a 2017 a koma Windows? Su da suke da kuɗi da injiniyoyi.

Injiniya:
Haka aka yi, Hajiya, kuma cikin abin da ma'aikatansu suka yi kuka da shi har da musayar fayil da sauran ofisoshin da ke kan Microsoft, wato dai abin da kike faɗa tun farko. Amma a Jamus ɗin dai, jihar Schleswig-Holstein ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 kan LibreOffice. Ma'aikatar tsaron Italiya ta fara irin wannan ƙaura tun 2015, da kwamfutoci sama da 100,000. Gwamnatin Birtaniya ta ɗauki tsarin ODF, wanda LibreOffice ke adana fayil da shi, a 2014 a matsayin tsarin musayar takardunta. Su abin da ke gabansu ya wuce kuɗin lasisi, ba sa son takardun gwamnati su zama sai da izinin kamfani ɗaya ake buɗe su.

Hajiya Akanta:
To ni ga shawarata, kuma a kanta zan tsaya. Huɗu a sa na kyauta, ɗaya a saya mata lasisi na gaskiya. Ba na haya ba, don Microsoft 365 duk shekara ake biya, a Amurka ma na mutum ɗaya ya tashi daga dala 70 zuwa dala 100 a farkon 2025, ga yadda naira ta koma tun 2023. Kuma na iyali da ake raba wa mutum shida, don amfanin gida aka yi shi, ba don shago ba. Akwai Office 2024 na gida da kasuwanci da ake saya sau ɗaya a kwamfuta ɗaya. Duk fayil ɗin da ya gagara, a kai shi can. A kula da masu tallan mabuɗi da arha a intanet, yawancinsu ba na halak ba ne. Kada kuma a sayi 2016 ko 2019, an daina yi musu gyaran tsaro tun 14 ga Oktoban 2025.

Injiniya:
Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Abu ɗaya Alhaji zai duba: in akwai kwamfutar da ke kan Windows 7, sabon zubin LibreOffice daga 25.8 ba ya hawa kanta, sai dai wanda ya gabace shi.

Mai Shagon Taifin:
Jama'a, na dawo bayan kwana goma sha biyu. Na sa an goge kwamfutocin an sake ɗora musu Windows, maganin bairos a kunne. Uku na sa musu LibreOffice, ɗaya OnlyOffice, ta biyar ɗin tana rufe da ƙyalle har in tara kuɗin lasisin da Hajiya ta ce. Kwana ukun farko yaran sun yi ta ƙorafi, aikin minti goma yana cin ashirin, har ɗaya ya ce in dawo da mai gyaran nan. Na ce a'a. Yanzu hannunsu ya fara sakewa. Mun buga furojet bakwai, sakamakon jarrabawar wata firamare aji shida, da wasiƙu ban san adadi ba, ba wanda ya dawo da kuka. Malam, na gwada musanya alamomin nan a wata tsohuwar takardar Hausa da aka kawo, ta fito tas.

Guda biyu ne suka ba ni wahala. Wata takardar neman aiki mai akwatuna da hoto a gefe ta hargitse a Writer, da muka buɗe a OnlyOffice ta zauna daidai. Sai wani fom na Excel da wata ƙungiya ta ba wani kwastoma, mai maɓallin da ake dannawa ya tura bayanai. Ko'ina ya ƙi. Na gaya masa gaskiya, na nuna masa shagon da zai je.

Injiniya, saura abu ɗaya. Lambar shafin furojet, ta farko da i, ii, iii, sannan babi na ɗaya ya fara da 1. Yaran sun iya a Word, a Writer mun kasa.

Injiniya:
Alhamdu lillahi, Alhaji. A Writer da salon shafi ake yinsa. Ka ƙirƙiri salon shafi biyu, ɗaya ka sa masa lambar Romawa, ɗayan lambar da aka saba. A ƙarshen shafukan farko ka shiga Insert, More Breaks, Manual Break, ka zaɓi salo na biyu, ka yi alama a wurin canja lambar shafi ka rubuta 1. In ya yi, ka adana shi a matsayin samfuri, duk furojet ɗin da ya zo a zuba shi a ciki. Bayan isha'i zan ɗauki hoton kowane mataki in turo nan, don Anti da sauran ɗalibai su ma su samu.